Yadda Alƙali Mai Wa'adi Zai Tsara Fanshonsa Tun Kafin Ya Yi Rantsuwa

Alƙalin da aka naɗa har zuwa shekarun ritaya da alƙalin da aka yanka wa wa'adi suna zama a kujera iri ɗaya, suna kuma hukunci da doka ɗaya, amma lissafin tsufansu ya sha bamban. Na farko yakan sauka ne a daidai lokacin da fanshonsa ya nuna, sai albashi ya tsaya a wannan wata, fansho ya kama a wata na gaba. Na biyu kuwa yana iya sauka yana ɗan shekara 52 ko 55, da sauran ƙarfinsa da 'ya'ya a makaranta, alhali dokar fansho ta ce ba za a fara biyansa ba sai ya cika 60 ko 65, in ma shekarun da ya yi sun kai a biya shi. Wannan tazara ita ce zuciyar maganar, kuma yawancin abin da za a iya yi a kanta ana yinsa ne tun ran gini, tun ran zane.

Irin waɗannan alƙalai suna da yawa. Alƙalan Kotun Tsarin Mulki ta Jamus, su 16, suna yin shekara 12 ba tare da sabuntawa ba, kuma wanda ya cika 68 zai sauka ko da wa'adinsa bai ƙare ba. A Italiya wa'adin takwarorinsu shekara 9 ne. Kotun Duniya tana da alƙalai 15 masu wa'adin shekara 9 da ake iya sake zaɓensu, yayin da alƙalai 18 na Kotun Hukunta Manyan Laifuffuka ta Duniya suke yin shekara 9 sau ɗaya tak. A Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Arusha wa'adin shekara 6 ne, ana iya sabunta shi sau ɗaya, kuma shugaban kotun ne kaɗai yake aikin cikakken lokaci. A kotunan tarayya na Amurka, majistare mai cikakken aiki yana yin shekara 8, alƙalin kotun karayar arziki kuma shekara 14. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 1985 kan 'yancin ɓangaren shari'a sun tanadi cewa wa'adin alƙali da albashinsa da fanshonsa da shekarun ritayarsa duk wajibi ne doka ta tsare su, domin alƙalin da ke fargabar abin da zai ci bayan ya sauka yana da saukin lanƙwasawa ga wanda ke riƙe da alƙalamin sake naɗa shi. Saboda haka duk alƙalin da ya zauna ya tsara fanshonsa da kyau, namiji ne ko mace, yana kare mutuncin kujerarsa ne tare da kare iyalinsa.

Matakin farko shi ne a tattara takardu kafin a amsa tayin naɗi. Ana bukatar takardar naɗin da sharuɗɗan aikin da ke tare da ita, da dokar da ta kafa kotun, da dokar fanshon da ta shafi wannan muƙami tare da duk gyare-gyaren da aka yi mata. Abin da jami'in ofishin ma'aikata ya faɗa da baki yana da amfani a matsayin jagora, amma ba shi za a kai gaban hukuma ba ranar da saɓani ya taso, don haka duk bayanin da ya ba da a roƙe shi ya rubuta, ya kuma ambaci sashen dokar da ya dogara da shi. A nan ne kuma za a tabbatar da matsayin muƙamin kansa, domin kalmar majistare ba abu ɗaya take nufi a ko'ina ba. A wasu ƙasashe majistare ma'aikacin gwamnati ne da ke ƙarƙashin dokar fanshon sauran ma'aikata, a wasu yana da tsari na musamman irin na alƙalai, a Ingila kuwa yawancin majistarori mutanen gari ne masu aikin sa-kai, ba su da albashi balle fansho.

Daga cikin waɗannan takardu sai a ciro ranaku uku, a rubuta su a shafi ɗaya inda ido zai riƙa ganinsu tare. Akwai ranar da wa'adi zai ƙare, akwai ranar da haƙƙin fansho zai tabbata, wato ranar da shekarun aiki suka kai mafi ƙarancin abin da doka ta nema, sannan akwai ranar da za a fara biya. Mutane da dama suna ɗaukan ta biyu da ta uku a matsayin abu ɗaya, kuma daga nan kuskure yake farawa, domin mutum yana iya mallakar haƙƙin fansho yau amma kuɗin ba zai shiga hannunsa ba sai bayan shekara goma. Idan ranar tabbatar haƙƙi ta faɗo bayan ƙarewar wa'adi na farko, ma'anarsa ita ce fanshon gaba ɗaya ya rataya a kan sake naɗi, kuma wannan abu ne da ya kamata a sani tun ba a ajiye tsohon aiki ba.

Bayan haka sai a gano irin tsarin. Wani tsari yana yi wa alƙali alkawarin wani kaso na albashinsa har ƙarshen rayuwa. Fanshon alƙalan Kotun Duniya misali ne: ba a cire musu komai daga albashi, shekarun fara karɓa 60 ne, kuma wanda ya kammala shekara 9 yana samun rabin albashin shekara. Wani tsarin asusu ne da ake zuba gudummawa a ciki duk wata, abin da ya taru da ribarsa shi ne na mai shi, wanda kuwa wa'adinsa gajere ne abin da zai tara kaɗan ne komai girman albashinsa. Akwai kuma inda garatuti kawai ake bayarwa a dunƙule ranar sauka, shi ke nan an rabu. Wanda ke ƙarƙashin tsari na farko babban aikinsa kiyaye sharuɗɗa da ranaku ne, wanda ke ƙarƙashin sauran biyun kuwa dole ya gina wani tanadi na kansa a gefe tun daga albashin farko.

Yana da kyau a ga yadda lissafi yake tafiya a zahiri, kuma dokar da Amurka ta yi a 1988 domin majistarori da alƙalan kotunan karayar arziki ta dace da wannan, domin an rubuta ta ne musamman saboda masu wa'adi. A ƙarƙashinta, wanda ya zaɓi shiga tsarin ana cire masa kashi 1 cikin ɗari na albashi har tsawon shekara 14. Idan ya yi shekara 14 yana aiki, ya kuma yi ritaya bayan ya cika 65, zai riƙa karɓar daidai albashin da yake ɗauka ranar da ya sauka. Idan shekarunsa na aiki ba su kai 14 ba amma sun kai 8, za a raba yawan shekarun da 14, a ba shi wannan kaso, sai dai ba zai fara karɓa ba sai ya cika 65. Sannan akwai ragi ga wanda ya sauka kafin 65, wanda ake lissafawa wata-wata, ya kama kashi 2 cikin ɗari a kowace shekara, amma ba zai wuce kashi 20 ba.

A ƙaddara, domin sauƙin lissafi kawai, albashin majistare dala 140,000 ne a shekara, an naɗa shi yana da shekara 47, ya yi wa'adi ɗaya na shekara 8, ya sauka yana da 55. Takwas cikin goma sha huɗu na albashin ya kama dala 80,000. Tun da ya sauka da sauran shekara 10 kafin 65, ragin ya kai iyakarsa na kashi 20 cikin ɗari, wato dala 16,000, abin da ya rage masa dala 64,000 a shekara, kuma zai jira shekara goma cur kafin kuɗin farko ya shigo. Duk alƙali mai wa'adi ya kamata ya yi irin wannan lissafi da alkaluman dokar da ta shafe shi, ya yi shi sau uku: idan ya kammala wa'adi ɗaya, idan aka sabunta masa, da kuma idan wani dalili ya tilasta masa sauka kafin lokaci. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikin ukun shi ne wanda za a gina tsari a kansa.

Wannan doka tana ɗauke da wani sharaɗi da ya cancanci a daɗe a kansa, domin yana nuna yadda takarda guda take iya sauya rayuwar mutum. Majistaren da ya kammala cikakken wa'adi amma ba a sake naɗa shi ba yana da tanadi na dabam, wanda ragin nan bai shafa ba, amma da sharaɗin cewa ya sanar da hukumar da ke naɗi, a rubuce, cewa a shirye yake ya ci gaba idan aka sake naɗa shi. Kuma sanarwar tana da ƙayyadadden lokaci: kada ta riga wata 9 kafin ƙarewar wa'adi, kada kuma ta makara har ya rage ƙasa da wata 6. A misalinmu, bambancin da ke tsakanin rubuta wannan wasiƙa cikin waɗannan watanni uku da mantawa da ita shi ne dala 16,000 a kowace shekara har ƙarshen rayuwa. Abin da ya sa na ja hankali a nan shi ne alƙalai mutane ne da suka saba duba wa'adin shigar da takardun wasu, amma shekararsu ta ƙarshe cike take da hukunce-hukuncen da suke son kammalawa, sai nasu wa'adin ya wuce ba su ankara ba. Kowace dokar fansho tana da irin wannan ƙofa mai rufewa, wata ta zaɓin shiga tsari ce, wata ta sanarwar ritaya. A neme su duka, a sa su a kalanda, a miƙa kowace wasiƙa ta hanyar da za a sami shaidar karɓa mai kwanan wata da hatimi, a kuma ajiye kwafinta a gida, ba a aljihun teburin ofis ba.

Kusan babu wanda ake naɗawa alƙali mai wa'adi ba tare da ya yi wani aiki a baya ba. Wani malamin jami'a ne, wani lauyan gwamnati, wani alƙali ne a wata kotu, kuma kowannensu yana da tsohon fansho da ya fara tarawa. Shawarata ita ce kada a yi gaggawar kwashe wannan kuɗi a dunƙule don murnar sabon muƙami. A fara tambaya ko doka ta yarda a ɗauki hutu daga tsohon aiki a koma bayan wa'adi, ko za a iya haɗa tsofaffin shekaru da sababbi wajen lissafi, ko kuwa shiga sabon tsari yana nufin an sarayar da tsohon. A tsarin Amurka da aka ambata, alal misali, wanda ya zaɓi fanshon alƙalai yana karɓarsa ne a madadin fanshon ma'aikatan tarayya, don haka wanda ya daɗe a aikin gwamnati kafin naɗi sai ya auna biyun da alkaluma kafin ya sa hannu. Irin wannan zaɓi ya cancanci a biya ƙwararre mai lissafin fansho ya duba, domin sanin shari'a dabam yake da sanin lissafin shekaru da riba.

Masu aikin ɗan lokaci, waɗanda ake biya bisa kwanakin da suka zauna, kada su ɗauka cewa ba su da haƙƙi. A Birtaniya, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2013, a shari'ar O'Brien da Ma'aikatar Shari'a, cewa alƙalin ɗan lokaci ya cancanci fansho gwargwadon aikinsa kamar yadda mai cikakken aiki yake samu. Gwargwadon aiki kuwa ba ya tabbata sai da shaida, saboda haka wanda ke wannan matsayi ya riƙa rubuta kowace ranar zama, ya kuma adana takardun biyansa.

Yanzu sai shekarun jira, inda a ganina mafi yawan wahalar take. Tsohon alƙali ba shi da 'yancin neman abinci irin na kowa. A ƙasashe da dama an hana shi tsayawa a gaban kotu a matsayin lauya, ko dai gaba ɗaya ko na wasu shekaru, ko a kotun da ya bari, kuma dalilin a fili yake, domin ba zai yi kyau ya riƙa kare wani a gaban waɗanda jiya abokan zamansa ne ba. A wasu wurare kuma hanin yana ɗaure da fanshon kansa. Dokar Amurka ta 1988 ta ce wanda ya koma aikin lauya bayan ritaya ya rasa fanshonsa, sai dai idan ya riga ya sanar da hukuma ya zaɓi a daskarar da adadin, wato ya haƙura da ƙarin da ake yi saboda tsadar rayuwa. Abin da ya saura ga yawancin tsofaffin alƙalai shi ne koyarwa, da rubutu, da sasanta masu jayayya a wajen kotu, da shugabantar kwamitocin bincike, da kuma dawowa zaman wucin gadi inda doka ta yarda a kira wanda ya yi ritaya ya taimaka. Kowanne daga cikin waɗannan a bincika ko zai sa a dakatar da fansho ko a rage shi, musamman idan gwamnati ce za ta biya.

Hanyar cike tazarar ita ce a ƙirga yawan watannin da ke tsakanin ranar sauka da ranar fara biya, a ninka da abin da gida yake bukata a wata, a cire abin da ake da tabbacin samu daga garatuti ko tsohon fansho, sannan a raba ragowar da yawan watannin wa'adi. Abin da ya fito shi ne abin da za a riƙa keɓewa daga albashi duk wata, kuma gara a ba banki umarni ya riƙa cirewa kai tsaye. A zuba shi a inda ba zai jawo zargi ba, domin alƙalin da ke da hannun jari a kamfani zai riƙa janye kansa daga duk shari'ar da ta shafi kamfanin, kuma dokokin bayyana kadara suna nan suna jiransa. A guji ɗaukar bashin da biyansa zai zarce ranar ƙarewar wa'adi. A tambaya kuma ko inshorar lafiya, da gida ko motar ofis, za su tsaya ranar sauka, domin waɗannan su ne suke ɓoye wa mutum ainihin tsadar rayuwarsa.

Akwai wata jarraba da tilas a ambata. Idan wa'adi ya doshi ƙarshe, alƙalin da bai yi tanadi ba zai fara tunanin inda zai faɗa, kuma masu iya ba shi aiki, gwamnati ce ko manyan ofisoshin lauyoyi, su ne masu shari'a a gabansa. Makamanciyar wannan damuwa, wato dogaron alƙali ga masu sake zaɓensa, ita ce ta sa aka sauya wa'adin alƙalan Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai a 2010, daga shekara 6 mai sabuntawa zuwa shekara 9 sau ɗaya. Ƙa'idar da ta fi tsafta ita ce kada a buɗe maganar aiki da kowa sai bayan an sauka, idan kuma tayi ya zo da kansa, a sanar da shugaban kotu, a janye daga duk shari'ar da mai tayin yake ciki. Wanda ya tara abin da zai riƙe gidansa na shekara guda ko biyu shi ne yake iya bin wannan ƙa'ida hankali kwance.

Maganar iyali da rashin lafiya ma tun farko ake yinta. Fanshon magada a tsare-tsare da yawa ba ya zuwa kai tsaye, sai alƙali ya zaɓe shi ya kuma yarda a riƙa cire masa wani abu. A tsarin magada na alƙalan tarayya a Amurka, ana yin zaɓin ne cikin wata 6 da kama aiki ko da yin aure. A duba waɗanda doka ta amince da su a matsayin magada, da shekarun da 'ya'ya za su daina karɓa, a kuma sabunta fom duk lokacin da aka yi aure ko haihuwa ko rabuwa ko rasuwa. Haka nan a san tanadin nakasa, wanda sau da yawa yake da nasa mafi ƙarancin shekaru. A dokar 1988 shekara 5 ne, wanda kuma ya cika su yana samun kashi 40 cikin ɗari na albashi. Shekarun da ke kafin wannan iyaka sai a rufe su da inshora ta kashin kai.

Kada kuma a ɗauka cewa dokar da aka shiga da ita za ta zauna yadda take. A 2007 ƙasashen da suka kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuffuka sun rage fanshon sababbin alƙalanta ƙwarai. A Birtaniya an sauya tsarin fanshon alƙalai a 2015, aka bar waɗanda suka kusa ritaya a tsohon tsari, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2018, a shari'ar McCloud, cewa wannan wariya ce bisa shekaru. Duk lokacin da aka yi gyara, tambayar da za a yi ita ce wa ya shafa kuma daga wace rana, kuma amsar tana komawa ne ga ranar naɗi da sharuɗɗan da aka sa wa hannu, shi ya sa takardun farko suke da daraja. A tabbatar kuma ko fanshon yana ƙaruwa idan farashi ya hau, da yadda haraji zai shafe shi. Alƙalan kotunan ƙasa da ƙasa su lura cewa albashin da aka yafe wa haraji ba lallai ne fanshonsa ya sami irin wannan rangwame a ƙasar da za su zauna ba, kuma kuɗin da za a biya su da shi yana iya zama dabam da wanda za su kashe.

Idan ya rage shekara guda a sauka, sai a rubuta wa hukumar fansho a nemi lissafinta a hukumance, a gwada shi da wanda aka yi a gida. Inda aka fi samun saɓani shi ne ranar haihuwa, da ranar kama aiki, da watannin hutu ba albashi, da kuma ko alawus yana cikin albashin da ake lissafi da shi, kuma gyara waɗannan ya fi sauƙi ga wanda yake kan kujera. A cike fom ɗin ritaya cikin lokacin da doka ta ƙayyade, a kammala miƙa kayan ofis da bayyana kadara, a karɓi takardar shaidar kammala aiki. Wanda fanshonsa na jira ne ya nemi takarda da ta bayyana adadin da ranar fara biya, ya riƙa sanar da hukuma duk lokacin da ya sauya adireshi ko banki, ya kuma sake tuntuɓarta wata shida kafin ranar. Duk waɗannan takardu a haɗa su a fayil ɗaya tare da lambar fansho da sunan ofishin da ke kula da shi, a nuna wa mata ko miji ko babban ɗa inda yake, domin tanadin magada sai an kai takarda ake biyansa.